Aikataun Turanci a Cikin Labaran Jarida: Abin Lura ga Ɗalibin Fassara

Gabatarwa

Tun daga ranar 12 ga Disamba 1991 da mazaunin Gwamnatin Tarayya ya tashi daga Legas ya dawo Abuja, mafi yawan labaran da suka shafi mulkin ƙasar nan daga wannan birni suke fitowa. A nan fadar shugaban ƙasa take, a nan Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli da Babban Banki da Hukumar Zaɓe suke, kuma kusan duk abin da za su faɗa wa jama'a da Turanci suke faɗarsa. Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya, wato NAN, shi ma da Turanci yake rarraba mafi yawan rahotanninsa. Amma ɗimbin mutanen da waɗannan labarai suka shafa da Hausa suke jin su, ko dai a jaridar Aminiya wadda kamfanin Media Trust mai buga Daily Trust ya fara fitarwa a 2006, ko a Leadership Hausa, ko a Muryar Najeriya, ko a sashen Hausa na BBC da takwarorinsa. Tsakanin wanda ya yi magana da Turanci da wanda ya ji ta da Hausa akwai mutum guda a zaune, shi ne mai fassara, kuma sau da yawa ɗalibin harshe ne irinmu wanda ya gama karatu ya kama aiki.

Na lura cewa idan aka ba mu labari mu fassara a aji, abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne manyan kalmomi, sai kowa ya rarumi ƙamus. To, ƙamus zai gaya maka ma'anar "postpone", amma ba zai gaya maka ko an ɗage zaɓen ne, ko za a ɗage shi, ko kuwa raɗe-raɗi ne kawai ake yi ba. Wannan bayani a jikin surar aikatau yake. Saboda haka a wannan maƙala zan duba yadda 'yan jarida suke sarrafa aikataun Turanci, da yadda ya kamata mu mayar da shi Hausa. Kanun labaran da zan kawo ni na tsara su don misali, a kan abubuwan da suka faru da gaske.

Inda Harsunan Biyu Suka Raba Hanya

A Turanci, aikatau shi yake ɗauke da lokaci a jikinsa, ko shi kaɗai ko tare da 'yan rakiyarsa: "sign", "signs", "signed", "has signed", "will sign". A Hausa kuwa aikatau ba ya ɗaukar wannan kaya. Zagin aikatau da lamirin lokaci su suke ɗauka, kamar yadda muke gani a "ya kama", "zai kama", "yakan kama", "suka kama". Sauyin da aikataun Hausa yake yi na abin da ke biye da shi ne, kamar "ya saya", "ya sayi doki", "ya saye shi", sai kuma a lokaci mai ci inda sau da yawa yake komawa suna ɗan aikatau, a ce "yana kamawa".

Akwai wani bambanci da ya fi wannan zurfi. Abin da muke kira shuɗaɗɗen lokaci a Hausa ya fi nuna kammaluwar aiki a kan nuna jiya ko shekaranjiya. Shi ya sa Bahaushe zai ce "kafin ka dawo gobe na gama", alhali goben ba ta zo ba, kuma zai ce "na sani" ko "na gaji" yana nufin halin da yake ciki yanzu. Haka nan lokaci mai ci yana iya komawa baya, kamar a "jiya na iske shi yana barci". Ke nan babu wani jadawali da zai ce maka sura kaza ta Turanci kullum ita ce sura kaza ta Hausa. Dole ka fara gane abin da ya faru da lokacin da ya faru, sa'annan ka faɗe shi yadda Hausa take faɗa.

Kanun Labari: Yanzu Mai Nufin Jiya

A makarantar sakandare an koya mana cewa "he signs" na nufin aikin da aka saba yi, wato abin da ya yi daidai da lokaci sabau a wurinmu, "yakan sa hannu". A kanun jarida wannan doka ba ta aiki. Edita yana amfani da wannan sura ne don aikin da ya riga ya faru, domin labarin ya ji sabo kuma kanun ya gajarta. Ranar Litinin 29 ga Yuli 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Kanun irin wannan labari zai zo kamar haka: "Tinubu signs minimum wage bill". Fassararsa ita ce "Tinubu ya sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi". Wanda ya ce "yana sa hannu" ya bar alƙalami a hannun shugaban, ma'aikaci kuma bai san ko magana ta ƙare ba.

Sai dai a yi hattara. Idan aka haɗa wannan sura da ranar da ba ta zo ba, ma'anar takan juya gaba. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa ta yanke hukuncinta a Abuja ranar Laraba 6 ga Satumba 2023. Jaridar da ta fito ranar Talata tana iya cewa "Tribunal delivers judgment Wednesday", abin nufi kuwa "kotu za ta yanke hukunci gobe Laraba". Don haka kwanan watan da ke saman jarida yana cikin kayan aikin mai fassara.

Ƙaramar Kalma "To"

Hanyar da kanu ya fi bi wajen nuna abin da ke tafe ita ce sanya "to" a gaban aikatau, bayan an cire "is" ko "is going". Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar cewa za a sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1000, amma sababbin takardun ba su fara yawo ba sai 15 ga Disamba. Kanun ranar sanarwar shi ne irin "CBN to redesign naira notes", wato "Babban Banki zai sauya fasalin takardun Naira". Mai fassarar da bai ga wannan 'yar kalma mai harafi biyu ba zai rubuta "ya sauya", mai shago a kasuwar Wuse kuma ya fara ƙin karɓar kuɗin da suke halal ɗinsa.

A duba waɗannan uku a jere:

"INEC may postpone polls": mai yiwuwa hukumar zaɓe ta ɗage zaɓe.
"INEC to postpone polls": hukumar zaɓe za ta ɗage zaɓe.
"INEC postpones polls": hukumar zaɓe ta ɗage zaɓe.

Na ukun shi ne abin da ya faru kafin asubahin Asabar 16 ga Fabrairu 2019, lokacin da Farfesa Mahmood Yakubu ya sanar a Abuja cewa an mayar da zaɓen shugaban ƙasa zuwa 23 ga wata, 'yan sa'o'i kafin a buɗe rumfuna. Ga mutumin da ya biya kuɗin mota ya tafi garinsu don ya jefa ƙuri'a, bambancin waɗannan jimloli uku ba na jarrabawa ba ne. Akwai kuma 'yan uwan "to" da suke rage mata ƙarfi. "Moves to" yunƙuri ne, "vows to" alwashi ne, "set to" shiri ne, "mulls" kuwa tunani ne kawai ake yi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ce an yi aikin.

Wa Ya Yi, Wa Aka Yi Wa?

A ganina nan ne tarkon da ya fi kama ɗalibai. Ranar 20 ga Fabrairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da Sanusi Lamiɗo Sanusi daga muƙamin gwamnan Babban Banki. Ana iya ba labarin kanu biyu: "Jonathan suspends Sanusi" ko "Sanusi suspended". Wanda ya haddace cewa ɗafin "-ed" alamar shuɗaɗɗen lokaci ce zai karanta na biyun a matsayin "Sanusi ya dakatar", ya tsaya yana neman wanda aka dakatar ɗin. Alhali cikakkiyar jimlar ita ce "Sanusi has been suspended", edita ne ya cire kalmomin tsakiya. Dabarar ganewa mai sauƙi ce. Tun da kanu yana faɗar aikin da aka gama da sura mai kama da ta yanzu, to in ka ga surar "-ed" ko irin su "sworn in", "held", "shot", "beaten", kusan kullum sunan da ke gabanta karɓau ne, shi aka yi wa aikin.

Hausa ba ta da irin wannan juyin jimla na Turanci, amma tana da abin da ya wadatar, wato wakilin suna marar fayyace mai aiki: an, aka, ana, ake, za a, akan. "Sanusi suspended" shi ne "An dakatar da Sanusi". Matsala takan taso ne idan jimlar ta zo da "by", kamar "Sanusi was suspended by Jonathan". Ana jin wasu suna cewa "an dakatar da shi daga shugaban ƙasa" ko "ta hannun shugaban ƙasa". Na farkon ba Hausa ba ne, na biyun kuwa ya mayar da shugaban ɗan aike. Matuƙar an ambaci mai aikin, sai a dawo da shi gaba: "Jonathan ya dakatar da Sanusi". In ana son hankali ya tsaya a kan wanda aka yi wa aikin, sai a ce "Sanusi ne Jonathan ya dakatar".

Har ila yau, kada a ɗauka cewa aikatau mai ƙarewa da "-u", wanda yake rukuni na bakwai a rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960, shi ne madadin wannan sura. "An gyara hanya" da "hanya ta gyaru" ba ɗaya ba ne. Na farko labarin aiki ne, na biyu shaida ce cewa aikin ya yi kyau. Mai fassarar da ya mayar da "road repaired" zuwa "hanya ta gyaru" ya yabi ɗan kwangila ba tare da an sa shi ba. Bugu da ƙari, sau da yawa ɗan jarida yakan zaɓi wannan sura ne domin ba a tabbatar da wanda ya yi aikin ba. In ya rubuta "Ten killed in village attack", to "an kashe mutum goma" ita ce iyakar amanar da aka ba ka. Ba ka da izinin cike gurbin da sunan wata ƙabila ko wata ƙungiya.

Cikin Labarin: Signed, Has Signed, Had Signed

Da an sauka daga kanu zuwa gangar jikin labari, nahawu na yau da kullum yakan dawo. "Signed" ana haɗa shi da ƙayyadadden lokaci, a ce "signed on Monday". "Has signed" ba ya karɓar irin wannan lokaci, domin aikinsa shi ne ya nuna cewa abin ya faru kuma tasirinsa yana nan, shi ya sa gidajen rediyo suke yawan buɗe labari da shi. Duka biyun "ya sa hannu" ne a Hausa. Abin da ke gabanmu mu shi ne zaɓi tsakanin shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu. Mukan ce "sanatoci sun yi watsi da ƙudurin gyaran tsarin mulkin da zai ba Shugaba Obasanjo damar tazarce", amma da zarar an jawo lokacin gaba an ƙarfafa shi, sai a ce "ranar Talata 16 ga Mayu 2006 ne sanatoci suka yi watsi da ƙudurin". Wanda ya ce "ranar Talata ne sun yi watsi" kunnen kowane Bahaushe zai tsaya.

Inda "has" take zama haɗari shi ne idan ta haɗu da "since" ko "for". Misali mafi kusa da mu ɗalibai shi ne yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairu 2022 aka dakatar da shi ranar 14 ga Oktoba. Jaridar watan Agusta na shekarar za ta ce "ASUU has been on strike since February", wato "ASUU tana yajin aiki tun watan Fabrairu", kuma har lokacin ba a koma ba. Ta watan Nuwamba kuwa za ta ce "ASUU was on strike for eight months", wato "ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki", an gama. In ka fassara ta farkon da "ta yi yajin aiki", ka sa ɗalibi ya haɗa kayansa ya nufi makarantar da take rufe.

"Had" kuma aikinta jera abubuwa ne, ta nuna wanda ya riga wani. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Abuja ta umarci malaman su koma aji ranar 21 ga Satumba 2022, makonni kafin su dakatar da yajin. Labarin ranar dakatarwar zai ce "the court had ordered the lecturers to resume". Hausa tana nuna wannan da "riga" ko "tun" ko "da ma": "da ma kotu ta riga ta umarci malaman su koma aji". In aka yar da wannan alama, mai sauraro zai ɗauka cewa sabon umarni ne ya fito yau.

Maganar da Aka Ruwaito

Kusan rabin kowane labarin siyasa "ya ce" ne. A Turanci, idan aka ce "said", aikataun da ke biye yakan ja da baya taki ɗaya: "is" ya koma "was", "will" ya koma "would", "has" ya koma "had". Wannan ja da baya al'adar nahawunsu ce, ba ta nufin lokacin ya sauya. Hausa ba ta yin haka. Idan ka ga "the minister said the government was ready to pay", abin da ministan ya furta shi ne gwamnati a shirye take, don haka fassarar ita ce "ministan ya ce gwamnati a shirye take ta biya". Masu cewa "ta kasance a shirye" suna sa mai sauraro ya yi zaton a da ne take shirye, yanzu ta fasa. Yawan "kasance" da muke gani a rubuce-rubucen yau mafi yawansa daga nan ya samo asali, daga ƙoƙarin nema wa kowace "was" gurbi.

A kuma rarrabe waɗannan uku, domin kalma ɗaya ce ta raba su:

"He said he would resign": ya ce zai yi murabus.
"He said he had resigned": ya ce ya riga ya yi murabus.
"He said he would have resigned": ya ce da ya yi murabus, wato bai yi ba.

Zargi da Shakka

Sashe na 36, ƙaramin sashe na 5, na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa. Saboda haka, da kuma gudun ƙarar ɓata suna, jaridu suke amfani da surori irin su "is alleged to have diverted", "is said to be hiding", "reportedly fled", "feared dead". Kowace tana da takwara a Hausa: "ana zarginsa da karkatar da", "an ce yana ɓoye", "rahotanni sun ce ya tsere", "ana fargabar sun mutu". Wanda ya ga jimlar ta yi tsawo ya datse ta ya ce "ya karkatar da kuɗi", ya yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba. Magana kuwa zarar bunu ce.

Matakan shari'a su ma kowanne da aikataunsa. "Arrested" an kama, "arraigned" an gurfanar, "remanded" an ba da umarnin tsarewa, "convicted" an same shi da laifi, "sentenced" an yanke masa hukunci, "acquitted" an wanke shi. Haka nan kalmomin ruwaito magana ba nauyinsu ɗaya ba. "Said" ya ce, "claimed" ya yi iƙirari, "admitted" ya amsa, "denied" ya musanta. Ina ba da shawarar a rage "ya bayyana cewa" a inda "ya ce" za ta wadatar, domin bayyanawa tana nuna kamar abin gaskiya ne da ma yake ɓoye. Ita kuwa "wai", ƙarfinta ya fi na "reportedly", domin takan nuna cewa mai maganar kansa bai yarda ba, don haka a yi amfani da ita da lura.

Kalmomi Masu Fuska Biyu

Turanci yana da kalmomi da yawa da suke zama suna su kuma zama aikatau ba tare da sun sauya sura ba, kanun jarida kuma cike yake da su. "Labour strikes deal with FG" ba labarin yajin aiki ba ne. "Strikes" a nan aikatau ne, "deal" kuma karɓau, ma'anar ita ce "ƙungiyar ƙwadago ta cim ma yarjejeniya da Gwamnatin Tarayya", wato kishiyar abin da ido ya fara gani. "He denied taking bribe" ya musanta karɓar cin hanci, amma "he was denied bail" an hana shi beli. "He stopped talking to reporters" ya daina magana da 'yan jarida, amma "he stopped to talk to reporters" ya tsaya domin ya yi magana da su. Maganin irin wannan guda ɗaya ne: kada a fassara kanu sai an karanta sakin layi na farko, domin a can ne ake mayar da duk kalmomin da edita ya cire.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ina ganin akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ɗalibi ya yi wa kowace jimlar labari kafin ya ɗora alƙalami. Aikin ya faru ne, ko yana faruwa, ko zai faru? Wane ne ya yi, wane ne aka yi wa? Tabbas ne, ko zargi, ko zato? Wane ne ya faɗa, jaridar ce ko wani ta ruwaito? In ya amsa waɗannan, sai ya kawar da idonsa daga Turancin, ya faɗi labarin kamar yadda zai faɗa wa mahaifinsa a zaure.

Aikin fassara labarai zuwa Hausa tsoho ne, tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 da sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, kuma yawancin gwanayensa da yawan yi suka ƙware. Ga abin da nake ba 'yan uwana ɗalibai shawara mu riƙa yi. A ɗauki kanun labarai goma na Daily Trust, a mayar da kowanne cikakkiyar jimlar Turanci, a fassara shi, sa'annan a nemo labarin a Aminiya ko a saurare shi a rediyo a gwada da abin da aka rubuta. Inda aka sami saɓani, a kawo shi aji a tattauna. Wanda ya yi haka na zangon karatu ɗaya zai ga bambanci a takardar jarrabawarsa, ya kuma fita da sana'ar da mutane za su dogara da ita wajen sanin ranar zaɓe da ranar komawa makaranta.